Sunan Natasha: daga ɗakin uwa a Rasha zuwa takardar haihuwa a ƙetare

A watan Yunin 2017, lokacin da ƙaramar 'yar tsohon shugaban Amurka Barack Obama ta cika shekara 16, wani ɗan labari ya karaɗe shafin Twitter na 'yan kwanaki: ashe yarinyar da duniya ta shafe shekara takwas tana kira Sasha a fadar White House, sunanta na asali shi ne Natasha Marian Obama. Babu wanda ya taɓa ɓoye wannan, domin tun a 2016 jaridu sun ruwaito cewa ta kama aikin hutu a wani gidan abinci da ke tsibirin Martha's Vineyard, kuma da sunan Natasha take amsawa a wurin. Mamakin Amurkawa bai wuce na gano cewa Sasha laƙabi ne ba. Mai jin Rashanci kuwa mamakinsa ya fi haka nisa, saboda a kunnensa sunayen biyu duk na cikin gida ne, kuma ba ma na mutum ɗaya ba: Natasha shi ne yadda ake kiran Natalya a gida, Sasha kuma na Aleksandra ne ko Aleksandr. Kwatankwacinsa a wajenmu shi ne a rubuta wa yarinya Dije a takardar haihuwa, sannan a riƙa kiranta Indo a tsakar gida.

Wannan nazari ya bi sawun suna guda ne, wato Natasha, domin a ga abin da ke faruwa idan aka ciro sunan gida daga cikin harshen da ya haife shi aka mai da shi cikakken suna mai zaman kansa, da kuma wuraren da mai sunan ke biyan kuɗin wannan sauyi.

Sunan Barashe a hukumance kashi uku ne: sunansa, sunan uba, da sunan zuri'a. Sunan uban ana gina shi ne daga cikakken sunan mahaifi, a ƙara masa ɗafi na namiji ko na mace, ta yadda ɗan Ivan zai zama Ivanovich, 'yarsa kuma Ivanovna. Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne cewa kowane cikakken suna yana tafe da jerin sunaye a bayansa tamkar matakalar bene, kuma matakin da mutum ya taka wajen kiranka shi ne ke bayyana matsayinsa a wurinka. A ɗauki malamar makaranta mai suna Natalya wadda mahaifinta Ivan ne. Ɗalibanta da iyayensu da ƙananan ma'aikata Natalya Ivanovna za su ce mata, tare da lamirin girmamawa na jam'i, wato "vy", kamar yadda mu ma muke ce wa babba "ku". Ma'aikacin banki na zamani yana iya tsayawa a Natalya kawai. Mijinta da 'yan uwanta da ƙawayenta su ne masu Natasha, kuma galibi a nan ne ake sauka zuwa lamirin tilo na "ty". Kakarta ko mahaifiyarta, idan tausayi ya motsa, Natashenka za ta ce. Ƙawar ƙuruciya tana iya cewa Natashka a yi dariya, amma idan kalmar nan ta fito daga bakin wanda bai isa ba, raini ne tsagwaronsa. Akwai ma siffar kira ta baka, inda ake yanke wasalin ƙarshe a ce "Natash" idan ana ƙwala mata kira daga wani ɗaki. Mace ɗaya ce, amma a yini guda tana iya jin suna biyar ko shida, kuma kowanne yana gaya mata wanda ke magana da irin fuskar da ya zo da ita.

Ɗafin "sha" da ke ƙarshen Natasha shi ne dai ke cikin Masha na Mariya, Dasha na Darya, Misha na Mikhail, Pasha na Pavel da Sasha na Aleksandr. Duk Barashe yana jin wannan ɗafi nan take a matsayin alamar kusanci, shi ya sa ba za ka ji mai karanta labarai ya kira shugaban Rasha da sunansa na gida ya ce Volodya Putin ba, sai dai Vladimir Putin, idan kuma ana masa magana ido da ido a ce Vladimir Vladimirovich.

Nauyin wannan bambanci yana da tarihi. A zamanin sarakunan Mosko na dā, duk mai rubuta koke zuwa ga sarki, ko da kuwa shi kansa basarake ne, sai ya ƙasƙantar da sunansa ya rubuta Ivashka maimakon Ivan, ya kira kansa bawan sarki. Sarki Peter na Farko ne ya ba da doka a ƙarshen 1701 cewa a daina sa hannu da rabin suna, kowa ya rubuta sunansa cikakke. Sai dai masu gonaki sun ci gaba da kiran talakawan da ke ɗaure a ƙasarsu Vanka da Mashka, maimakon Ivan da Mariya, har tsufansu, kuma wannan tsari na bautar gona bai kau ba sai a 1861. Saboda haka a tunanin Rashawa cikakken suna yana haɗe da mutunci da 'yanci, guntun suna kuma abu ne da mutum ke bai wa na kusa da shi izinin amfani da shi. Wanda ya ɗauka ba tare da an ba shi ba ya yi shisshigi.

Shi kansa sunan Natalya asalinsa Latin ne, daga kalmar da ke nufin haihuwa, wadda Kiristoci suka danganta da ranar Kirsimeti. Ya shiga Rasha ta hanyar Cocin Otodoks, wanda ke tunawa da Natalya ta birnin Nikomediya, matar Adrian da aka kashe saboda addininsa a farkon ƙarni na 4. Ranar tunawa da su ita ce 26 ga Agusta a tsohuwar kalanda, wadda ta yi daidai da 8 ga Satumba a kalandar yau. Cocin yana yi wa jariri baftisma ne da sunan da ke cikin jerin tsarkaka, kuma babu Natasha a wannan jeri, don haka yarinyar da iyayenta suka kai da wannan suna za ta fito a matsayin Natalya a littafin coci.

Doka kuwa ba ta hana ba. Ofishin rajistar haihuwa da aure na Rasha, wanda ake kira ZAGS, yana aiki ne da dokar iyali, kuma gyaran da aka yi mata a 2017 ya haramta sa lambobi da alamomi da kalmomin batsa da sunayen muƙamai ne a cikin sunan yaro, bai ce komai a kan sunayen gida ba. Iyayen da suka nace za a rubuta musu Natasha. Mawaƙin nan da ya ci gasar Eurovision a 2008, wanda aka haifa da sunan Viktor Belan, ya mai da sunansa na dandali, Dima Bilan, sunan takarda a wannan shekarar, alhali Dima guntun Dmitri ne. Amma irin wannan ya fi yawa a tsakanin mawaƙa da 'yan wasa, waɗanda sana'arsu ke bukatar jama'a su ji su kamar 'yan gida. Likita ko alƙali ko shugaban makaranta ba zai so haka ba. Abin da ke tsare da ƙofar a Rasha al'ada ce da kunnen jama'a, kuma sun fi doka ƙarfi a wannan fage.

To, ta yaya sunan ya tsallake? Babbar gadar ita ce littafin Leo Tolstoy mai suna Voina i Mir, wato Yaƙi da Zaman Lafiya, wanda aka kammala bugawa a 1869. Jarumar littafin cikakken sunanta Natalya Ilyinichna Rostova, kuma mai karatu yana fara haɗuwa da ita ne tana 'yar shekara 13 a 1805, a ranar walimar masu suna Natalya, domin ita da mahaifiyarta suna ɗaya gare su. Marubucin yana ambaton uwar da sarautarta, 'yar kuma ya kira ta Natasha daga farko har ƙarshe, ko bayan ta yi aure ta haihu. Barashe mai karatu ya san abin da aka yi masa: an shigar da shi cikin gidan Rostov an zaunar da shi a matsayin ɗan uwa. Mai karanta fassara, irin wadda Constance Garnett ta yi zuwa Ingilishi a 1904, bai ga matakalar ba, suna kawai ya gani mai daɗin faɗi wanda ya maimaitu ɗaruruwan sau, Natalya Ilyinichna kuma ya zame masa wani abu mai wuyar furtawa da ke ɓullowa jefi-jefi. Fim ya ƙarasa aikin. A 1956 Audrey Hepburn ta fito a matsayin Natasha a fim ɗin da King Vidor ya ba da umarni, sannan na Sergei Bondarchuk na Tarayyar Sobiyet, mai kashi huɗu, ya sami kyautar Oscar a 1969. 'Yar wasan Ingila Natasha Richardson, wadda aka haifa a Landan a 1963, da wannan sunan aka yi mata rajista, kuma zuwa shekarun 1970 da 1980 sunan ya zama ruwan dare a makarantun Ingila da Amurka.

Ya kamata a lura cewa ƙasar da irin ya faɗa a kanta tana da taushi tun da farko. Masu magana da Ingilishi sun daɗe da sabawa da guntun suna a bainar jama'a. Jimmy Carter da sunan Jimmy ya yi rantsuwar kama mulki a 1977, ba da James ba, Bill Clinton kuma William ne a takarda. A gidan sarautar Ingila ma, Yarima Harry, wanda shi kansa Henry ne, ya raɗa wa ɗansa Archie a 2019, 'yarsa kuma Lilibet a 2021, wanda shi ne sunan da aka riƙa kiran marigayiya Sarauniya Elizabeth da shi a cikin gida. Al'ummar da ta saba da haka ba za ta ga wani abin tambaya a Natasha ba, balle ma da yake sunan yana da gaɓa uku kuma ya ƙare da wasalin "a", siffar da kunnen Bature ke ɗauka a matsayin cikakken sunan mace.

A nan ne lamarin 'yar Obama ya zama abin nazari. Da zarar Natasha ya hau kujerar cikakken suna, sai gurbin sunan gida ya zama fanko, kuma iyali ba sa iya zama babu sunan da za su riƙa kiran 'yarsu da shi cikin sakewa. Sai aka shiga gutsure abin da tun asali guntu ne: Tasha, Tash, Nat. A tsakanin baƙaƙen fatar Amurka Tasha ya tsaya da ƙafarsa, har aka yi masa ƙari a gaba ya zama Latasha. Iyalin Obama kuwa suka cike gurbin da Sasha, kuma amon sunayen biyu ya yi kama sosai, duk da cewa a Rashanci babu wata hanya da ta tashi daga Natalya ta ɓulle a Sasha. Abin da ya faru a gidan abincin nan na 2016 shi ne ya fi jan hankalina: yarinyar ta ajiye Sasha a gida ta ɗauki Natasha zuwa wurin aiki, wato ta yi amfani da shi daidai inda Barashiya za ta yi amfani da Natalya. Matakalar ta sake ginuwa, sai dai kowane suna ya matsa sama da taki ɗaya.

Tsallakawar takan sauya jinsin suna ma. A Rasha Sasha na maza da mata ne, Misha kuwa na maza ne zalla, shi ne ma sunan beyar da aka yi wa gasar Olamfik ta Mosko alama da ita a 1980. A Jamus Sascha ya zauna a matsayin sunan maza, a Faransa ma Sacha ya fi karkata ga maza, inda marubucin wasan kwaikwayo Sacha Guitry, wanda aka haifa a birnin Saint Petersburg a 1885 da sunan Alexandre, ya sa kunnuwa suka saba da shi. A Amurka kuwa Sasha da Misha duk sun fi zama na mata saboda wasalin ƙarshe. Rashawan da suka yi ƙaura su kam sukan riƙe tsarinsu: 'yan wasan tanis ɗin Jamus biyu 'yan gidan Zverev, waɗanda ake kira Sascha da Mischa, Alexander da Mikhail ne a takarda, domin iyayensu daga Tarayyar Sobiyet suka fito.

Kada a ɗauka cewa rashin sanin harsunan Slabiya, wato Rashanci da danginsa, shi ne kaɗai ya jawo haka. A ƙasashen tsohuwar Yugoslabiya, inda harsunan dangin Rashanci ne, Nataša cikakken suna ne tun tuni. Shugabar ƙasar Sulobeniya tun daga Disambar 2022 sunanta Nataša Pirc Musar, kuma Nataša Mićić ta riƙe shugabancin Sabiya na wucin gadi daga ƙarshen 2002 zuwa farkon 2004. Waɗannan ƙasashe ba su da al'adar kiran mutum da sunansa haɗe da sunan uba, don haka aron bai ci karo da komai ba. Wannan ya nuna cewa ƙanƙantar Natasha ba a jikin haruffansa take ba, tana cikin tsarin kira da gaisuwa da ke kewaye da shi a Rasha da maƙwabtanta.

Akwai inda tafiyar sunan ta yi muni. Bayan buɗe kan iyakar Sarp tsakanin Turkiyya da Jojiya a 1988, da rushewar Tarayyar Sobiyet a ƙarshen 1991, mata da yawa daga can suka riƙa shiga Trabzon da unguwar Laleli ta Istanbul suna sarin tufafi da kayan fata su koma su sayar. Wasu talauci ya jefa su karuwanci, wasu kuma masu safarar mutane ne suka yaudare su. Da yake Natalya na cikin sunayen da suka fi yawa a tsakanin matan da aka haifa a shekarun 1960 da 1970, sai jaridu da 'yan tasha na Turkiyya suka yi musu kuɗin goro da kalmar "Nataşa", har ta zama zagi da ake jifan kowace mace mai kamannin Rashawa da shi, 'yar kasuwa ce ko matar aure. Zafin abin ga Barashiya ninki biyu ne, domin ban da ƙazafin, an ɗauki sunan da mahaifiyarta ke kiranta da shi an sa a bakin baƙo a kan titi. Iyayen da suka raɗa sunan a Landan ko Shikago ba su san da wannan ba, amma 'yarsu tana iya cin karo da shi ranar da ta sauka a Istanbul.

Sunan ya iso Najeriya ta wata hanya dabam, wadda ba ta bi ta littafi ko fim kaɗai ba. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta riƙa ba ɗaliban Afirka guraben karatu a Mosko da Kiyef da sauran birane, wasu kuma suka dawo gida da digiri da mata. Sanatar Kogi ta Tsakiya, Natasha Hadiza Akpoti-Uduaghan, wadda aka haifa a 1979, mahaifinta likita ne ɗan ƙabilar Ibira, mahaifiyarta kuma 'yar Yukren ce, kuma an san ta da fafutukar farfaɗo da kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda injiniyoyin Sobiyet suka gina. Gidajen rediyo da jaridun Hausa "Sanata Natasha" suke cewa, kuma a tsarinmu wannan girmamawa ce cikakkiya, domin muƙami ne aka haɗa da suna kamar yadda ake cewa Hajiya Binta ko Alhaji Garba. A majalisar dattawan Rasha kuwa, shugabarta tun 2011, Valentina Matviyenko, Valentina Ivanovna ake ce mata, kuma wanda ya miƙe a zauren ya kira ta Valya ya tafka abin kunya.

Bahaushe ba zai sha wuyar gane yadda sunan gida ke zama na takarda ba, tunda Garba da Habu daga Abubakar suke, Shehu na Usman ne, Binta ta Fatima ce, kuma dubban mutane da waɗannan sunaye suka yi makaranta suka karɓi fasfo. Sai dai tushen ya ɗan bambanta. Yawancin laƙubbanmu kunya ce ta haife su, don uwa ba ta son kama sunan ɗan fari ko na surukinta, sai a koma Abba ko Ummi ko Baba, saboda haka laƙabin yakan zo da girma a tare da shi. Na Rashawa sabo da shaƙuwa ne suka haife shi, shi ya sa fitar da shi waje yake zama kamar fita kasuwa da kayan barci.

A ganina, wanda ya raɗa wa 'yarsa Natasha a Abuja ko Landan bai yi kuskure ba, domin sunan ya shekara fiye da sittin yana zaman kansa a wajen Rasha, kuma masu shi sun riƙe ƙasashe da kujerun majalisa. Kuɗin da ake biya yana da iyaka, kuma ya fi faɗawa kan iyalan da ke da ƙafa ɗaya a ƙasashen masu jin Rashanci. Ga namiji ya fi tsada, saboda sunan uba daga sunansa za a gina: wanda aka rubuta wa Sasha ko Misha a takarda, 'ya'yansa a Rasha za su tashi da Sashevich ko Mishevna maimakon Aleksandrovich ko Mikhailovna, sunayen da za su sa duk magatakarda ya ɗago kai ya sake dubawa. Mace ba ta da wannan matsala, tunda ba a gina sunan uba daga nata. Abin da ta rasa shi ne matakin sama na matakalar. Masu fassara takardu a Rasha suna kwafe abin da ke cikin fasfo ne harafi da harafi, don haka Natasha za ta ci gaba da zama Natasha a biza da takardar makaranta, amma malami ko abokin aiki da ke son girmama ta zai tambayi cikakken sunanta, idan ta ce iyakarsa ke nan kuma ya ji nauyin kiran babbar mace da sunan gida, sai ya gyara mata da kansa ya ce Natalya. Daga nan ya rage nata, ko ta amsa sunan da ba a raɗa mata ba, ko ta riƙa yi wa kowane sabon mutum bayanin cewa a ƙasar da aka haife ta, Natasha shi ne na takarda.